Yunwa ba ta narkar da kitsen da ke cikin ɓargo

Wata 'yar'uwa ta rubuto mana kamar haka:

"Assalamu alaikum. Shekaruna 46. Shekara 3 da suka wuce aka yi mini aiki saboda ƙari a mahaifa, aka cire mahaifar tare da jakunkunan ƙwai duka biyu. Tun daga nan al'ada ta ɗauke, ga zafi yana taso mini kwatsam, ga gumin dare. A bana ciwon baya ya matsa mini, aka yi mini hoton MRI, sai aka rubuta a sakamakon cewa kitse ya yawaita a ɓargon ƙashin bayana. Ni ba mai ƙiba ba ce, amma tun da na karanta takardar hankalina bai kwanta ba. Na rage cin abinci sosai, sau ɗaya nake ci a yini don kitsen ya narke, har na fara zubewa. Bayan aikin likita ya yi mini maganar maganin istirojin, amma yayata ta ce kada in kusance shi, ciwon daji yake kawowa. Mahaifiyarmu ta karye a ƙugu tana da shekara 70, ba ta sake takawa da ƙafarta ba. Ina jin tsoro. Me ya kai kitse cikin ƙashina, kuma yaya zan yi in fitar da shi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya, ya sa wahalar da mahaifiyarku ta sha ta zama kaffara.

Kafin in ce komai, ina roƙon ki ki koma cin abincinki tun yau. Kitsen da aka gani a ɓargonki ba ciye-ciye ne suka tara shi ba, kuma yunwa ba za ta rage shi ba. Abin da yunwar za ta ci shi ne tsokarki da ƙashinki, wato ainihin abin da kike tsoron rasawa. Duk sauran bayanin da zan yi yana nan yana jiranki, amma wannan ba ya jira.

Kowane baligi mai lafiya yana da kitse a cikin ƙashinsa, kuma mai yawa. Ɓargo iri biyu ne. Akwai ja, wanda ke ƙera jini, akwai kuma rawaya, wanda mafi yawansa kitse ne. Jariri yana zuwa duniya kusan duk ɓargonsa ja ne, domin jikinsa na buƙatar jini da sauri. Yana girma, rawayan ya fara karɓe wuri, daga yatsu da ƙafafu yana hawowa zuwa tsakiyar jiki, har a wajen shekara 25 jan ɓargo ya rage a ƙashin baya, da ƙugu, da haƙarƙari, da ƙashin ƙirji, da ƙoƙon kai, da kan manyan ƙasusuwan hannu da cinya. Wani likita Bajamushe mai suna Ernst Neumann, wanda ya gano a 1868 cewa a ɓargo ake yin jini, shi ne ya bayyana wannan tsari a 1882. A jikin baligi, rabi ko fiye na ramin ƙashi kitse ne ya cika shi, kuma yana ƙaruwa da shekaru ga mace da namiji, mai ƙiba da siriri.

A ɗaya daga cikin hotunan da na'urar MRI ke ɗauka, kitse fari yake fitowa, mai haske. Mai karanta hoton yana duban gaɓoɓin ƙashin baya jere ɗaya bisa ɗaya, idan ya ga sun fi haske fiye da yadda yake tsammani ga mai shekarunki, ko ya ga fararen ɗigo nan da can, ko farin layi kusa da faifan da ke tsakanin gaɓoɓi, dole ya rubuta. Aikinsa ke nan. Abin da ba a cika gaya wa marasa lafiya ba shi ne, wannan hasken yawanci labari ne mai kwantar da hankali, domin ciwon daji idan ya shiga ɓargo korar kitsen yake yi, wurin ya yi duhu a hoton. Akwai cututtukan jini da ba su da yawa waɗanda ɓargo ke daina aiki kitse ya maye gurbinsa, amma su suna nuna kansu a gwajin ƙidayar jini. Idan ba a yi miki wannan gwaji ba kwanan nan, ki nemi a yi, ƙaramin gwaji ne.

To me ya sa naki ya yawaita kina da shekara 46? Amsar tana cikin wasiƙarki, a aikin da aka yi miki.

A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyin halitta na asali waɗanda ba su riga sun zama komai ba. Kowace daga cikinsu tana iya zama ƙwayar da ke gina ƙashi, tana kuma iya zama ƙwayar kitse, amma ba ta zama duka biyu. Abin da ke yanke mata hukunci shi ne saƙonnin da ke isowa gare ta. Akwai wani furotin mai suna RUNX2 da idan ya yi rinjaye, ƙwayar ta zama maginiyar ƙashi. Akwai wani mai suna PPAR-gama da idan shi ya yi rinjaye, ta cika cikinta da mai ta zama kitse. Istirojin, sinadarin da jakar ƙwai ke fitarwa, yana cikin manyan masu danne na biyun. Muddin yana yawo a jini, yawancin ƙwayoyin nan suna karkata zuwa gini, waɗanda suka riga suka zama kitse ma ba sa kumbura. Da ya janye, sai ma'aunin ya karkata: ƙwayoyin kitse su ƙaru a yawa, su kuma ƙaru a girma.

Aikin istirojin bai tsaya nan ba. Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe tsoho ana ɗora sabo, kamar gidan da ake gyara shi ɗaki bayan ɗaki alhali mutane na ciki, masu rushewa na gaba magina na biye. Masu rushewar suna amsa kiran wani sinadari da ake ce wa RANKL. Istirojin yana rage wannan kira, yana ƙara wani sinadarin da ke toshe shi, yana kuma gajarta rayuwar masu rushewar. Idan babu shi, rushewa ta fi gini sauri. Ƙwayoyin kitsen ɓargo kuwa su ma suna fitar da RANKL, kuma a ɗakin gwaji an ga wasu nau'o'in man da suke saki suna raunana ƙwayoyin gini. Shi ya sa abubuwan biyu ke tafiya tare: ƙashi yana raguwa, kitse yana cika gurbin.

Ba yau aka lura da wannan ba. A 1941 Fuller Albright, likita a birnin Boston na Amurka, ya wallafa cewa yawancin masu raunin ƙashin da yake gani mata ne da al'ada ta ɗauke musu, ciki har da waɗanda aka cire wa jakar ƙwai da wuri, ya kuma danganta abin da rashin istirojin. A 1971 Pierre Meunier da abokan aikinsa a Liyon ta Faransa suka duba ƙananan yankan ƙashin ƙugu a madubin likita. A irin wannan yanka, ƙashin mai lafiya yana da ginshiƙai masu kauri da suka sarƙe da juna, tsakaninsu cike da ƙwayoyin jini. A na masu zaizayar ƙashi, ginshiƙan sun sirance, wasu sun yanke, tsakaninsu kuwa sai fararen da'irori a jere kamar babu komai a ciki. Ƙwayoyin kitse ne, wanda ruwan wanke samfurin ya narkar da mansu ya bar bangonsu kawai.

Abin da ya fi dacewa da tambayarki ya zo daga baya. A 2008 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka duba samfurin ƙashin mata masu zaizayar ƙashi kafin da bayan shekara 1. Waɗanda aka liƙa wa istirojin a fata, kitsen ɓargonsu ya ragu. Waɗanda ba su samu ba, nasu ya ci gaba da ƙaruwa. A 2015 kuma wani rukuni a Amsterdam ta ƙasar Holan ya auna ɓargon ƙashin baya da MRI, ya ga abin da ya ba ni mamaki ƙwarai: a jikin mace mai al'ada, yawan kitsen yana ɗan hawa yana sauka a cikin wata ɗaya, yana bin zagayen al'adarta. Matan da al'ada ta ɗauke wa kuma da aka ba su istirojin na mako 2 kacal, kitsen ya ragu, da aka tsayar ya dawo. Mata kaɗan ne aka yi gwajin da su, amma ya nuna cewa wannan kitse yana sauraren istirojin kusan nan take. Wani binciken a Hong Kong a 2012 ya ƙara haske: a ƙuruciya ɓargon maza ya fi na mata kitse, amma tsakanin shekara 55 zuwa 65 na mata yakan yi tsalle har ya wuce na maza. Ke an kawo miki wannan tsallen ne tun kina 43, kuma a dare ɗaya, domin wadda al'ada ta ɗauke mata da kanta istirojinta a hankali yake sauka cikin shekaru, ke kuwa naki ya faɗi a ranar aiki.

Kada ki ɗauka ina zargin waɗanda suka yi miki aikin. Akwai dalilan da ke sa a cire jakar ƙwai, kuma likitanki ya yi daidai da ya kawo maganar maye gurbin abin da aka rasa.

Yanzu batun yunwa, wanda shi ya fi damuna a wasiƙarki. Kitsen ciki da na cinya ajiya ne, idan abinci ya yi ƙaranci jiki ya aika musu saƙo su saki mai. Kitsen ɓargo ba ya amsa wannan saƙo yadda suke amsawa. Abin ma ya wuce haka. A 2009 masu bincike a Boston suka auna ɓargon mata masu cutar ƙin cin abinci, waɗanda suka rame har kusan babu kitse a jikinsu, suka tarar ɓargonsu ya fi na mata masu lafiya kitse, ƙashinsu kuma ya fi rauni. An ga irin haka a ɓeraye da aka taƙaita musu abinci. Jikin da ke cikin yunwa ba ya kashe ƙarfinsa wajen gina ƙashi, sai ya tura ƙwayoyin nan na asali zuwa kitse. Ke da kike son rage shi, hanyar da kika ɗauka ƙara shi take yi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Akwai kuma wani abin. Bayan an rasa jakar ƙwai, ɗan istirojin da ya rage a jikin mace yawancinsa a kitsen jiki ake sarrafa shi, inda wani sinadari mai suna aromates ke juya wasu sinadaran da ke fitowa daga wata 'yar gaɓa da ke saman ƙoda zuwa istirojin mai rauni. Kaɗan ne, amma ƙashi yana amfana da shi. Wannan na cikin dalilan da ya sa siririyar mace ta fi mai jiki haɗarin karyewar ƙugu. Ba ina cewa ki nemi ƙiba ba, ita ma tana da nata sharrin. Ina cewa ke da ba ki da ƙiba tun farko, duk kilon da kika zubar daga tsoka ko daga wannan ɗan tanadi ya fita. Kuma don Allah kada wani ya ba ki deksametason ko makamancinsa wai don ki murmure. Irin waɗannan magunguna suna ƙara kitsen ɓargo, suna cin ƙashi fiye da kusan kowane magani.

Babu likitan da ke yi wa kitsen ɓargo magani shi kaɗai, babu kuma ƙwayar da aka yi don narkar da shi. Shi alama ne. Tambayar da ya kamata ta ɗauki hankalinki ita ce, ƙashin da ke kewaye da shi yana da ƙarfi? Kina da abubuwa uku da ke sa a yi wannan tambaya da gaske: al'adarki ta ɗauke kafin shekara 45, mahaifiyarki ta karye a ƙugu, kuma kin rame. Yawancin mata al'ada tana ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55. Wani dogon bincike a Amurka mai suna SWAN, wanda ya bi mata shekara da shekaru, ya nuna cewa ƙashin baya yana rasa kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a cikin shekara 10 da ke kewaye da ɗaukewar al'ada, kuma mafi yawan asarar a cikin shekara 3 take faruwa. Ke kin riga kin yi shekara 3 babu kariya.

MRI ba ya auna ƙarfin ƙashi. Awon da ke yin haka sunansa DXA. Kwanciya kawai za ki yi a kan gado da tufafinki, wani hannun na'ura ya wuce ta saman ƙugunki da bayanki na 'yan mintuna, babu allura babu zafi, haskensa kuma ƙasa yake da na hoton ƙirji. Sakamakon yana zuwa da lamba, bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a 1994. Daga -1 zuwa sama ƙashi lafiya lau. Tsakanin -1 da -2.5 ya fara raguwa. Daga -2.5 zuwa ƙasa zaizayar ƙashi ce. Akwai kuma wani lissafi mai suna FRAX da Jami'ar Sheffield ta Ingila ta fitar a 2008, wanda likita ke sa shekarunki, nauyinki, tsawonki da tarihinki a ciki ya ƙiyasta haɗarin karaya a shekara 10 masu zuwa. Ɗaya daga cikin tambayoyinsa ita ce ko uwa ko uba ya taɓa karyewa a ƙugu, don haka ki tabbata kin faɗi labarin mahaifiyarku ko ba a tambaye ki ba. Ana iya yin lissafin ko da babu na'urar DXA a kusa. Ki kuma sa a auna tsawonki a jikin bango, babu takalmi, a rubuta. Gaɓar ƙashin baya tana iya lotsawa ba tare da mace ta sani ba, raguwar tsawo da kimanin santimita 4 daga yadda kike a ƙuruciya alama ce da ba a wasa da ita.

Sai maganar yayarki. Ƙauna ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa, kuma tsoron yana da tushe. A watan Yuli na 2002 aka tsayar da wani ɓangare na babban gwajin nan na Amurka da ake kira WHI kafin lokacinsa. Mata fiye da 16,000 ne a cikinsa, an ba rabinsu istirojin haɗe da wani sinadarin mai suna furojestin, aka ga ƙarin ciwon dajin nono da ya kai mata 8 cikin kowace 10,000 a shekara, tare da ƙarin daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Labarin ya zagaye duniya, mata da yawa suka jefar da maganinsu. Amma akwai abubuwan da ba su yi nisa kamar tsoron ba. Matsakaicin shekarun matan 63 ne, da yawansu sun yi shekara 10 ko fiye da ɗaukewar al'ada. Kuma gwajin yana da ɓangare na biyu, na mata fiye da 10,000 da aka cire wa mahaifa, irinki, waɗanda aka ba istirojin shi kaɗai. A cikinsu dajin nono bai ƙaru ba, da aka ci gaba da bin su tsawon shekaru ma an ga ya ɗan ragu. An tsayar da wannan ɓangaren a 2004 saboda ƙarin shanyewar ɓarin jiki, wanda ya fi taɓa masu manyan shekaru. A duka ɓangarorin biyu, karayar ƙugu ta ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku.

Ba zan ɓoye miki ba, wasu binciken da suka bi tarihin mata masu yawa sun ga ɗan ƙarin dajin nono ko da istirojin shi kaɗai, idan an daɗe ana sha bayan shekara 50. Babu maganin da ba shi da nasa haɗarin. Amma halin da kike ciki daban ne da na mace mai shekara 65 da za a fara ba ta sinadarin da jikinta ya daɗe da rabuwa da shi. Ke abin da za a ba ki shi ne abin da jikinki zai kasance yana yi da kansa har yanzu da ba a yi aikin ba. Shi ya sa ƙungiyoyin likitocin mata a Birtaniya da Amurka suke ba da shawarar cewa wadda al'ada ta ɗauke mata kafin 45 a ba ta maganin aƙalla har zuwa wajen shekara 51, in dai babu wani dalili da ya hana. Furojestin ana haɗawa ne don kare mahaifa, ke da ba ki da ita yawanci ba kya buƙatarsa. Akwai na haɗiya, akwai na liƙawa a fata da na shafawa, kuma na fatan ya fi sauƙi ta fuskar daskarewar jini domin ba ya bi ta hanta kai tsaye. Zafin nan da ke taso miki da gumin dare ma babu abin da ya fi shi kwantar da su.

Ra'ayina shi ne ki koma wurin likita ki sake buɗe wannan magana, kada ki bari wata shekarar ta wuce. Amma kada ki saya da kanki. Akwai waɗanda bai dace da su ba: wadda ta taɓa yin dajin nono, wadda jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko a huhu, wadda ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, da mai ciwon hanta mai tsanani. Za a auna hawan jininki, a duba nono, a tambayi tarihin danginku. Idan ya kasance kina cikin waɗanda bai dace da su ba, ƙofa ba ta rufe ba. Akwai magungunan ƙashi da ba su da alaƙa da istirojin, kamar alenduronet da ake sha sau ɗaya a mako, da denosumab da ake yi a allura duk wata 6, sai dai shi ba a tsayar da shi kwatsam ba tare da an maye gurbinsa ba. Sakamakon awon ƙashinki ne zai nuna ko kina buƙatarsu.

Abin da ke hannunki kuwa ba kaɗan ba ne. Ƙashi yana son nauyi. Ƙwayoyin nan na asali suna jin matsi da girgizar da motsa jiki ke kawowa, kuma wannan saƙo ne da ke karkata su zuwa gini. A gwajin ɓeraye, gudu ya rage kitsen ɓargo. A Ostireliya, wani gwaji mai suna LIFTMOR ya sa mata masu raunin ƙashi ɗaga nauyi sau 2 a mako na minti 30 tsawon wata 8 a gaban mai koyarwa, ƙashin bayansu ya ƙaru, na waɗanda suka yi motsa jiki mai sauƙi a gida kuma ya ragu. Ke da ke da ciwon baya kada ki fara da nauyi ke kaɗai. Ki fara da tafiya mai sauri, da hawa matakala, da tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, sannan ki nemi likitan gashin ƙashi ya nuna miki yadda za ki ƙarfafa tsokar baya da ta cinya. Har sai an san ƙarfin ƙashinki, ki guji sunkuyawa da kaya mai nauyi ko murɗa baya da ƙarfi.

Ki ci sau uku, ki tabbata akwai furotin a kowane ci. Kalsiyam da ake so ga mace a halinki miligiram 1,000 zuwa 1,200 ne a yini, kuma wanda ya fito daga abinci ya fi na ƙwaya, ƙwayar ta cike gibi ce kawai. Bitamin D shi ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam, fata ce ke yin sa idan ta ga rana, wadda ba ta samun rana sosai sai a auna mata a ƙara mata. Taba tana cin ƙashi, giya ma haka. Idan kina da ciwon suga, ki duba ko cikin magungunanki akwai fiyogilitazon. Wannan magani aikinsa shi ne kunna PPAR-gama ɗin da na ambata, kuma an tabbatar yana ƙara karaya ga mata. Kada ki daina shi da kanki, ki gaya wa likita ya duba ko akwai madadinsa.

Ciwon bayan da ya kai ki asibiti kuma kada ya ɓace a cikin wannan dogon zance. Kitsen ɓargo shi kansa ba ya ciwo. Yawancin ciwon baya a shekarunki daga tsoka ne, ko faifan da ke tsakanin gaɓoɓi, ko ƙananan mahaɗan ƙashin bayan. Ki mayar wa likita takardar MRI ku karanta ta tare layi bayan layi, ki tambaye shi kai tsaye ko akwai gaɓar da ta lotsa, domin idan akwai, wannan ya canja lissafin, magani ya zama dole ba zaɓi ba. Idan kuma wata rana ciwo mai tsanani ya soke ki a baya kwatsam bayan ɗan sunkuyo ko tari, ko ƙafa ta fara sanyi tana rasa ƙarfi, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, ko ciwon ya zo da zazzaɓi, a ranar za ki je asibiti.

Abu na ƙarshe, ki tafi da yayarki ranar da za ki ga likita. Ta ji bayanin da kunnenta, ta yi duk tambayoyin da ke ranta. Uwarku ɗaya, don haka tarihin karayar nan ya shafe ta kamar yadda ya shafe ki, kuma tun da ta girme ki, mai yiwuwa ita ma al'ada ta ɗauke mata ko tana gab da haka. Ki sa a rubuta mata nata awon ƙashin a zama ɗaya.